Jirgin da Ya Tsaya wa Tabawa a Baro

A garin Baro, can bakin Kwara, akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda Turawa suka gina suka tafi suka bari. Ciyawa ta rufe dogo, awaki ne ke shan inuwa a ɗakin yankan tikiti. Amma akwai wani jirgi da bai daina zuwa ba. Ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, ba ya zuwa sai rana ta take tsaka. Mai lafiya ba ya ganinsa, ɗan gari ma haka. Baƙo kaɗai yake tsaya wa, baƙon da ciwo ya kayar a garin ba kowa a gefensa. Cikin duk waɗanda suka shige shi, mace ɗaya ce aka san ta dawo, sunanta Tabawa.

Tabawa mutuniyar Tsafe ce, mai sana'ar daddawa, shekarunta sittin da biyu. Tana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce mata Delu, wadda aure ya kai Baro. Allah bai ba Delu haihuwa ba, don haka da Tabawa ta yaye 'yarta Ladidi sai ta ba ta riƙo. Yarinya ta girma a hannun Delu har shekara bakwai, rannan da damina ta faɗa kogi, sai washegari masunta suka tsamo gawarta. Tabawa ta zo gaisuwa, ta tsaya tsakar gida a gaban mata ta yaɓa wa Delu wata magana, ta juya ta tafi ko ruwan gidan ba ta sha ba. Shekara ashirin da takwas ke nan ba ta sake taka garin ba, saƙon Delu kuwa ko ya zo ba ta amsawa.

Sai ga wani falken kifi ya zo da labari cewa Delu na kwance, mijinta ya daɗe da rasuwa, maƙwabta ne ke jinyarta, kuma ba ta da magana sai ta yayarta. Tabawa ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Wata biyu tana juya abin a ranta. Wata safiya ta ƙulle kayanta, ta sa turmin atamfa da ƙullin daddawa, ta fita ba ta gaya wa 'ya'yanta maza inda za ta ba, don kada su ga ta sauko daga fushin da suka tashi suka same ta a kai.

Kwana biyu tana hanya, mota ta sauke ta wata ta ɗauka. Tun daga Minna ta fara jin kanta na sarawa. Da a-kori-kura ta sauke ta a Baro da hantsi, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, haƙoranta kuwa na kaɗawa don sanyi. Garin ya sauya mata. Ta tambayi wani mai faci gidan Delu, ya ce bai sani ba. Ta tambayi wasu mata, suka amsa da Nufanci, ba ta gane ba. Ta bi ta gaban tsofaffin ɗakunan ajiya na Turawa masu jan kwano, duk sun tsattsage, bishiyoyi sun fito ta tagoginsu. Ta lallaɓa ta shiga rumfar tsohuwar tasha, ta kwanta a kan wani benci na ƙarfe, ta yi matashi da ƙunshin kayanta. A ranta ta ce, yau idan na mutu a nan, ko sunana ba wanda zai iya faɗa wa liman.

Rana ta take tsaka. Awakin da ke rumfar suka miƙe gaba ɗaya suka fice. Ciyawar da ke kan dogo ta kwanta dama da hagu, sai ga jirgi baƙi wuluk ya sulalo ya tsaya, ko motsin iska babu.

Wani dogon mutum ya sauko, sanye da tsohon kaki mai maɓallan tagulla. Idanunsa a tsaye suke, ba a kwance ba, ƙafafunsa kuwa kofato ne. Ya yi sallama, ta amsa.

Ya ce, "Ke 'yar Adam, tashi ki shiga. An yanka miki tikiti."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni yanzu na iso, ba tafiya zan yi ba. Wurin ƙanwata na zo."

Ya ce, "Duk baƙon da ya faɗi a rumfar nan shi kaɗai, namu ne. Haka aka yi alkawari tun ranar da aka fasa dutsenmu aka shimfiɗa ƙarfe. Amma naki tikitin dabam ne." Ya miƙa mata wani ɗan kwali, rabi fari rabi ja. "Farin na zuwa ne, jan na dawowa. Ba mu yankan ja sai ga wanda ake kiran sunansa a cikin gari. Ke akwai mai kiranki, wata biyu ke nan ba ta fasa ba. Muddin tana kira, jan na nan. Ranar da ta yi shiru, zai koɗe."

Tabawa ta ga ƙafafunta sun ɗauke ta sun shigar da ita, ba da sonta ba.

Jirgin cike yake, amma tsit. Ga leburorin dogo na zamanin da, har yanzu da kwandunan ƙasa a kansu. Ga fataken goro, ga wata mai ciki ta jingina da taga. A lungu wani saurayin Bature ya ƙudundune cikin bargo yana rawar sanyi, yana maimaita kalma guda a harshensu. Tabawa ba ta jin harshen, amma ta haifa, ta san uwarsa yake kira. Ta duba hannuwansu, kowa farin kwali gare shi, babu ja.

Jirgi ya tashi. Ya ratsa cikin dutse kamar ana ratsa labule, ya fito wata ƙasa mai rana biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ba inuwa ko ta tsinke. Ƙishi ya kama Tabawa har harshenta ya manne da dasashi. Suka tsaya a wata tasha, sai ga mata farare tas, gashinsu na jan ƙasa, kowace da ƙwaryar ruwa mai sanyi har gumi take. Fasinjoji suka miƙa hannu ta taga suna karɓa. Ɗaya ta zo wurin Tabawa.

Ta ce, "Sha, baƙuwa. Ruwanmu kyauta ne. Zazzaɓi zai sauka, ciwon kai zai tafi."

Tabawa ta karɓa, har ta kai baki sai ta lura da wani tsohon lebura da ya sha. Fuskarsa ta yi sumul, ba damuwa ba murna, kamar allon da aka wanke. Ta ce, "Baiwar Allah, ban da zazzaɓi, me kuma ruwan nan ke ɗaukewa?"

Matar ta ce, "Tunda kin tambaya, ba mu ƙarya. Yana ɗauke duk abin da ke ci wa mutum rai. Ke akwai wata yarinya a zuciyarki. Kurɓa ɗaya, ba za ki ƙara tuna kin haife ta ba."

Tabawa ta dubi ruwan, maƙogwaronta na ƙuna. Shekara ashirin da takwas ba ta yi barci mai daɗi ba saboda yarinyar nan. Ta mayar da ƙwaryar ta ce, "Na gode. Ku bar min ita, ita ke nan abin da ya rage min nata."

Jirgi ya wuce. Suka ratsa dajin da itatuwansa ƙarfe ne, tsuntsayen cikinsa na sarar gilashin taga da baki. Suka ratsa garin da gidajensa ke tafiya mutanensa na tsaye. Daga nan suka iso bakin wani rami wanda ba a ganin ƙarshensa, dogon kuwa a kan bayan wani maciji aka shimfiɗa shi, kansa a wancan ƙetare, wutsiyarsa a wannan. Da jirgi ya kai tsakiya sai macijin ya fara lanƙwashewa. Taragu suka karkata, kwandunan leburori suka zube.

Mai tikiti ya bi taragu yana cewa, "Jirgi ya yi nauyi. Wanda yake da kaya ya zubar." Ya tsaya a kan Tabawa. Ta jefa ƙunshin tufafinta ta taga, jirgi bai daina nutsewa ba. Ta jefa daddawa, ta jefa atamfar Delu. Maciji ya ƙara lanƙwasa, har ana jin ƙashin bayansa na ƙara.

Mai tikiti ya ce, "'Yar Adam, nauyin ba a hannunki yake ba. Akwai maganar da kika faɗa a wata tsakar gida. Rabinta kika bar wa wadda kika gaya wa, rabi kika tafi da shi. Fito da shi yadda kika faɗe shi, kada ki rage harafi, in ba haka ba duk mu tafi ƙasa."

Tabawa ta dubi mai cikin nan, ta dubi saurayin da ke rawar sanyi. Ba ta taɓa maimaita maganar ba, ko a zuci kewaye ta take yi. Ta buɗe baki ta ce, "Na ce mata, da ke kika haife ta, da ba ki bar ta ta je kogi ba. Na ce, wadda ba ta san zafin naƙuda ba ba ta san tsaron ɗa ba."

Tana rufe baki sai tari ya sarƙe ta, wani baƙin dutse kamar ƙwan zabo ya faɗo daga bakinta, ya huda ƙasan taragu ya wuce. Ba a ji saukarsa ba. Maciji ya miƙe, jirgi ya haye.

Daga nan dogo ya gangara ya shige ƙarƙashin ruwa. Kifaye na wucewa ta taga kamar garken tumaki. Suka isa wani birni mai katangar kwanson kawa, haskensa kore-kore, kwalekwalen da suka nutse tun zamanin kakanni an jera su an yi rumfunan kasuwa da su. Nan ne ƙarshen tafiya. Fasinjoji suka sauka, kowa ya nufi wata ƙofa kamar ya saba. Tabawa kuwa kadoji biyu suka sa ta a tsakiya har fadar sarauniyar wurin.

Sarauniyar na zaune a kan ƙaton kunkuru, daga ƙugu zuwa ƙasa ruwa ce mai gudana. Tabawa ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Sarauniya ta ce, "Tabawa 'yar Tsafe, kin ƙi ruwan mantuwa, kin kuma amayar da dutsenki. Wanda ya yi biyun nan yana da tambaya ɗaya a wurina. Tambayi."

Tabawa ta ce, "Ranki ya daɗe, kogin nan ya ci min 'ya. Tana wurinki?"

Sarauniya ta ce, "Rai na wurin Mai shi, ba mu da iko a kansa. Jiki kuwa mun mayar muku kun binne. Abin da ruwa ke riƙewa shi ne muryar mutum ta yininsa na ƙarshe. Ta 'yarki na cikin wancan tulu. In kina so a buɗe, amma ki sani, abin da aka ji ba a mayar da shi."

Tabawa ta ce, "A buɗe."

Aka ɗaga murfi. Sai ga muryar Ladidi, siririya, da ɗan tsamin bakinta na mai giɓi, kamar tana tsaye a gefenta.

"Inna Delu, yau ma zan je bakin ruwa. Ai Innata ta Tsafe ta aiko ta ce za ta zo da Sallah, za ta kawo min ɗan kunne."

Sai muryar Delu, tana yarinya-yarinya: "Ladidi, Sallah ta wuce da kwana uku. Ruwa ya cika, ba inda za ki. Zauna ki ci tuwonki, in na gama wanki mu je tare."

Aka ji ƙarar ƙofa a hankali, aka ji gudun ƙananan ƙafafu. Aka ji iska da ruwa na dukan ƙarfen tsohuwar gadar jiragen ruwa. Sai muryar yarinyar cikin murna: "Ga kwalekwale can. Ga mai shuɗin zane. Ita ce. Inna, ga ni nan, Inna..."

Daga nan sai ruwa.

Tabawa ta zauna daɓas. Ta tuna. Ita ta aika da saƙon nan da bakinta. Da Sallah ta zo sai bikin 'yar ƙawarta ya taso a Gusau, ta ce a ranta yarinya ce, za ta manta, in an yi kaka sai na je. Ko aike ba ta yi ba cewa ta fasa.

Ta ce, "Delu ta san abin da ya kai ta?"

Sarauniya ta ce, "Ta sani. Tana tsaye kika gaya mata abin da kika gaya mata, amsar na bakinta, ta haɗiye."

Tabawa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kawo mata labarin mutuwar yarinyar. Sarauniya ta bar ta har ta sassauta, sannan ta ce, "Ga zaɓi. Ki zauna a nan, tulun naki ne, akwai yini guda cur a cikinsa, da waƙarta da dariyarta, ki yi ta saurare ba ciwo ba tsufa. Ko ki koma. Amma jirgi ba ya komawa da kowa, da ƙafa ake bin dogo. Dubi tikitinki."

Tabawa ta buɗe hannu. Jan ya koɗe, saura ɗan kaɗan a gefe kamar lallen da ya kwana biyu.

Ta dubi tulun. Ta miƙa hannu ta shafa shi kamar mai shafa kan yaro. Sannan ta ce, "Ranki ya daɗe, a rufe. Wannan ta riga ta tafi. Waccan tana jira."

Sarauniya ta ce, "To bi ƙarfe, kada ki sauka daga kansa. Ki bi muryar da ke kiranki, ita kaɗai ce hanya."

Tabawa ta hau dogo. Ruwa ya danne ƙirjinta, ta yi ta kutsawa. Ta taka bayan maciji da rarrafe, ramin na buɗe a ƙarƙashinta. Tsuntsayen dajin ƙarfe suka yage mata mayafi suka farfasa mata kafaɗa. A ƙasa mai rana biyu ƙarfen ya yi ja, takalmanta suka narke, ta ci gaba da tafin ƙafa, matan nan na biye da ita da ƙorai suna roƙonta ta sha. Can nesa take jin wata 'yar murya: "Yaya Tabawa. Yaya Tabawa." Wani lokaci muryar ta ɗauke, sai ta tsaya cik ba ta san gabas ba, har ta dawo. Tana cikin haka ta ga dutse a gabanta, ta runtse ido ta faɗa cikinsa.

Ta buɗe ido ta ga rufin kwano, da wata mata mai ƙiba tana shafa mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Warin busasshen kifi ya cika ɗakin.

Matar ta ce da Hausarta ta Nufawa, "Sannu, Mama. Sunana Nnawo, kifi nake sayarwa a bayan tasha. Shekaranjiya na tsince ki a kan benci, muka ɗauko ki, mai kemis ya yi miki allura. Ba mu ga kayanki ba. Ƙafafunki kuwa ban san me kika taka ba, duk sun sale. Ke wace ce, wa kika zo nema?"

Tabawa ta ce, "Delu. Bahaushiya, mijinta ya rasu. Don Allah 'yata, kai ni yanzu."

Nnawo ta ce, "Delu ta gindin mangwaro? Ke ce yayar da take kira?"

Tabawa ba ta iya taka ƙasa, sai Nnawo ta goya ta kamar jaririya, ta bi lungu da ita har wani ɗan gida na ƙasa. La'asar ta yi. Mata biyu na zaune a bakin ƙofa, suka matsa. A ciki Delu na kwance a kan tabarma, ta ƙare sai ƙashi, gashinta fari fat, idanunta a buɗe amma ba su ganin kowa.

Tabawa ta ja jiki ta kama hannunta ta ce, "Delu, ga ni. Ni ce Tabawa. Na zo."

Delu ta juyo da kai wajen muryar. Ta ce, "Wace ce? Maƙwabciya ce?"

"Ni ce yayarki."

Delu ta ce, "Yaya tana hanya. Tsafe da nisa." Ta numfasa, ta ƙara riƙe hannun. "Baiwar Allah, in roƙe ki wani abu. In ta iso ba na nan, ku ba ta ruwa, ku shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Kuma in ta tambayi abin da ya kai yarinyar nan bakin kogi, ku ce sakacina ne. Kada wanda ya gaya mata. Fushi da ni ya fi mata sauƙin ɗauka."

Tabawa ta kifa goshinta a kan hannun ƙanwarta. Ta ce, "Na sani, Delu. Na ji komai. Ni ce na yi alkawari ban cika ba. Ki yafe min abin da na gaya miki."

Delu ta yi ɗan murmushi ta ce, "Muryarki kamar tata." Sai ta lumshe ido ta ci gaba da kiran da take yi a hankali, "Yaya Tabawa," Tabawa na amsawa, "Na'am, ga ni," ita kuwa ba ta san ana amsa mata ba. Haka suka yi ta yi, kira da amsa, har rana ta yi ja. Kafin a kira magariba kiran ya tsaya.

Tabawa ce ta yi mata wanka washegari, a zaune, don ƙafafunta ba su ɗaukarta. Da aka dawo daga maƙabarta mata suka cika gidan, wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Allah Ya ji ƙanta. Kin yi sa'a kin same ta da rai, ai kun gana."

Tabawa ta ce, "Ni na gan ta."

Da 'ya'yanta suka ji labari suka zo ɗaukarta, ta ce su koma, nan za ta zauna. Ta zauna a ɗakin Delu har ƙarshen kwanakinta, kabarin ƙanwarta da na 'yarta duk tafiyar 'yan taku ne daga ƙofar gida. Mutanen unguwa sun ce mace ce mai kirki, mai yawan shiru, kuma ko yaro ƙarami ta ce wa za ta zo, to sai ta je, ko ana ruwan sama.